Yadda Na Zama Bawan Ardo a Ƙasar Bakura

Tun ranar da na dawo daga Zamfara bakina bai huta ba. A masallaci a tambaye ni, a majalisarmu ta ƙofar shagon tela a tambaye ni, har mai kayan miyan layinmu sai da ya riƙe min hannu yana dubana sama da ƙasa. "Malam Abba, wai da gaske ka je ka dawo?" To ga ni dai da ƙafafuna biyu. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni Babarbare ne haifaffen Kano. Ba a yi min tsage ba, Hausata kuwa ta cikin badala ce, sai na faɗa ake sanin asalina. Aikina koyar da masu shirin zama malaman makaranta, darasin da na fi riƙewa kuma shi ne na zaman ɗan ƙasa, wato haƙƙi da adalci da yadda jama'a ke mulkin kansu. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina cewa haddace sunayen ofisoshin gwamnati ba ya mai da yaro mai adalci. Sai ya koyi faɗin abin da ya ɓata masa rai ba tare da zagi ba, ya kuma koyi zama ya saurari na wani. Wannan surutun nawa ne ya kai kunnen Malam Lawali, abokina tun muna ɗalibai, wanda yanzu yake duba makarantun firamare a wajen Talata Mafara. Ya bugo waya ya ce, "Tunda ka iya hwaɗi, taho nan ka gwada mu gani."

Mahaifiyata ta ce ban isa ba. Da ta ga na dage sai ta ce to, amma duk lokacin da ta kira in ɗauka, ko a gaban gwamna nake.

Mun bar Kano da sassafe, saboda direbobin wannan hanya ba sa yarda la'asar ta same su a daji. Har Funtuwa ana hira, wani ɗan kasuwar albasa yana ta ba mu labarin surukinsa. Muna doshin iyakar Katsina da Zamfara motar ta yi tsit, kowa ya jawo carbi. A shingen jami'an tsaro aka ce mu sauko mu wuce da ƙafa. Wani soja ya tambaye ni sana'ata, na ce koyar da dimokuraɗiyya. Ya dube ni ya dubi jakata, ya ce, "Allah ya ba da kasuwa."

Mun wuce Tsafe kaɗan sai ji muka yi fam! Wallahi ban san lokacin da na cusa kaina ƙarƙashin kujera ba, hulata ta yi nata wuri, ina salati da ƙarfi. Ashe taya ce ta fashe. Wata tsohuwa da ke bayana, wadda ko gezau ba ta yi ba, ta miƙo min hular ta ce, "Ɗana, baƙo kake ko? Waccan ƙara ba haka take ba." Aka yi dariya har da ni, amma maganar ta zauna min a rai. Tsohuwa ce da ya kamata a ce jikoki kawai ta sani, ga ta ta iya bambanta ƙarar taya da ta bindiga.

Na isa Talata Mafara ran kasuwa, gari ya cika maƙil, warin albasa ko'ina. Lawali ya turo min mai babur, wanda mu a Kano muke ce wa ɗan acaɓa, su kuma kabu-kabu. Abin da ya fara kayar da ni shi ne gaisuwa. Mu Kanawa mun mai da ita gajeriya, "Ya aiki, ya gida," kowa ya kama gabansa. Can kuwa mahaifin Lawali ya riƙe hannuna ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, ya tambayi mutan Kano, ya tambayi ruwa, ya yi shiru har na ɗauka an gama na fara janye hannu, sai ya ɗauko daga farko. Ni kuwa fitsari ya matse ni tun daga Gusau.

A ɗakin zaure aka sauke ni. Abinci kam ban da abin cewa: tuwon shinkafar Bakolori da miyar kuka mai kifi, ga fura da nono mai kauri da sai ka yi da gaske ludayi ke nutsewa. Sai kuma hoce, wani gasasshen abin dawa da ban taɓa ci ba. Na gatsa da ƙarfin hali irin na baƙo, haƙorina na gefe ya ce bai yarda ba. Lawali ya ce ai ba haka ake yi ba, marmasa shi ake da ƙuli da mai. Da aka yi min haka sai da na nemi ƙari. Sauron garin kuma, ɗan gidan shinkafa, ba ya jin maganin Kano ko kaɗan.

Taron farko a wani aji muka yi shi da malaman firamare. Na sa aka kawar da bencina aka zauna a da'ira, na ɗauko 'yar sandar da nake yawo da ita, na ce wanda take hannunsa shi kaɗai ke magana, saura su saurara har ya gama. Suka yi ta kallona kamar mai wasan yara. Wani ya ce, "Malam, mu nan ba a tambayar mutum abin da ke cikinai. In ya ce lahiya lau, to lahiya lau." Duk da haka kafin azahar sandar ta fara zagayawa.

Bayan an tashi wata mata ta tsaya jirana a bakin ƙofa. Malama Saratu sunanta, shugabar wata 'yar makaranta a wani ƙauye gaba da Birnin Tudu, cikin ƙasar Bakura. Ba ta yi dogon zagaye ba. Ta ce akwai wata rugar Fulani da ta sauka kusa da su, gudun tashin hankali ya koro su daga gabas. Ita da ƙafarta ta yi ta zarya wajen shugabansu, Ardo Manu, har ya yarda ya ba ta yara, maza da mata. Yaran sun fara karatu, wasu har sun fi na gari kai. Sai 'yan bindiga suka kashe yayan wani malaminta, Malam Nasiru, a gona. Ranar da ya dawo aiki bayan zaman makoki ya tarar da faɗa a aji tsakanin ɗan gari da ɗan ruga, ya buɗe baki ya ce wa yaran rugar duka ɗiyan ɓarayi. Washegari ko ɗaya bai zo ba. Ardo bai kawo ƙara ba, bai yi faɗa ba, an dai ji yana cewa da an gama girbi za su tashi.

"In sunka tashi, Malam, yaran nan sun bar karatu ke nan har abada," in ji ta. "Kuma za su girma da wagga kalma cikin kunnuwansu. Ka zo ka yi muna wannan zaman naka."

Na ce mata in sha Allah, amma sai na gama da Maradun, don can aka riga aka shirya.

Maradun na je a motar kasuwa, tsakanin buhunan gishiri da wata akuya da ta ƙi jinina. Lawali ya kai ni na ga madatsar Bakolori. Ni da na saba da kududdufan Kano, na tsaya ina kallon ruwa har inda ido ya ƙare, muka ci soyayyen kifi a bakin hanya, mai kifin ya ƙi karɓar komai da ya ji baƙo ne ni. Zaman da muka yi da malaman can shi ne mafi daɗi da na taɓa yi. Wani dattijon malami ya riƙe sandar ya ce shi abin da ke damunsa, ya koyar da yara taken ƙasa da safe, da yamma ya je gidansu ta'aziyya. Wata malama ta fashe da kuka, ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Daga nan suka shiga gardamar ko ya dace a bar yara su yi maganar tsoronsu a aji, aka ɗaga murya, aka sauke, a ƙarshe suka ɗaga hannu masu cewa a bari suka rinjaya. Na fito ina jin kaina, na ce wa Lawali sandar nan ko dutse aka ba ta sai ya yi magana. Ya ce, "Uhm."

Zuwa ƙauyen Malama Saratu sai a kabu-kabu, ta kan gaɓar magudanan ruwan noman rani, hanya siririya, shinkafa dama da hagu. Na ce wa mai babur ya yi a hankali, ya ce shi a nan aka haife shi. Bai rufe baki ba muka sulale cikin fadama. Na tashi da taɓo har gwiwa, farar shaddata da na adana don wannan rana ta koma abin tausayi. Haka na shiga garin, yara na bina.

A ƙarƙashin wata tsamiya a filin makaranta aka shimfiɗa tabarmi. Mai gari ya zo da liman da wasu iyaye. Malam Nasiru na gefe, saurayi ne dogo, ya haɗe rai, da gani dole aka yi masa. Can sai ga Ardo Manu da mutanensa, tsoho siriri da malfa, sandarsa a kafaɗa. Aka yi gaisuwa har na fidda rai za a gama.

Ni na tsara komai, kuma a nan na tafka ta. Na sa an kawo shinkafa da nama a tsakiyar da'ira don a saki jiki. Mutanen gari suka sa hannu, Fulanin suka ce alhamdu lillahi sun ƙoshi, alhali da gani ba su ci komai ba. Na manta Bafulatanin daji ba ya cin abinci a bainar jama'a, sai abin ya zama mu muna ci suna kallon gefe. Sannan na ɗauki 'yar sandata na miƙa wa Ardo, na ce, "Baba Ardo, muna so ka faɗa mana abin da ka ji a ranka ranar da yaran suka koma gida."

Ya karɓi sandar ya jujjuya ta, ya ajiye a gabansa. "Ba komi," in ji shi. "Lahiya lau muke da kowa."

Na sake lallaɓawa ta wata hanya. Ya ce ba komi. Na miƙa wa Nasiru, ya ce shi ba shi da ta cewa. Liman ya yi nasiha a kan haƙuri, kowa ya ce haka ne. Na ga Fulanin sun fara laluben takalmansu. Na dubi Malama Saratu, ta sunkuyar da kai, ni kuwa kunya da haushin kaina suka rufe ni. Matar nan ta dogara da ni, ga shi zan koma Kano in bar ta da abin da ya fi na da muni.

Daidai nan wayata ta ɗauki ƙara. Mahaifiyata ce. Alkawari alkawari ne, na juya gefe na ɗauka, muka gaisa da Barbarci, na ce mata lafiyata ƙalau zan kira anjima. Ina kashewa na ga Ardo ya saki takalminsa yana min wani irin kallo.

"Kai, tsaya. Babarbare kake?"

Na ce eh.

"La'ilaha illallahu! Ashe bawana anka kawo ya zaunar da ni awa ɗan makaranta! Ina tsagenka? Ko gudowa kay yi kab ɓoye cikin Kanawa?"

Kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da Fulani tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Bakina ya riga tunanina. Na ce, "Ardo, ka ji tsoron Allah. Yaushe bawa ya fara tuhumar ubangidansa? Dubi ƙafafunka kamar sillen kara, nono ya hana ka ƙiba. Kakana ne ya saya wa kakanka wandon farko."

Fulanin nan suka kwashe da dariya har da buga sanda a ƙasa. Ardo ya nuna taɓon da ke jikina ya ce a duba, Babarbare ya ga ruwa ya faɗa don garinsu babu. Mai gari ya yi dariya har ya ƙware. Muka yi ta yi, ni da shi, har na ga kafaɗun mutane sun sauka.

Sai Ardo ya gyara zama. Ya juya wa sauran jama'a gefen jikinsa, ya fuskance ni ni kaɗai, amma bai rage murya ba.

"Ni ba da kowa nike ba," in ji shi. "Da bawana nike magana, shi ba a jin kunyatai. Bawa, ka san abin da yat tashe mu daga gabas? Da rana tsaka sunka zo sunka kore shanu. Akwai wani yaro da anka haifa gidana. Yab bi su da sanda." Ya dubi yatsun ƙafarsa. "To, shi ke nan. Can munka rufe shi munka taso."

Ba wanda ya tambayi wane yaro. Mu ma a Kano muna kunyar ɗan fari, amma ta Fulani ta fi tamu nisa: uba ba ya kiran sunansa, ba ya cewa ɗana, ko mutuwa ya yi ba a ganin hawayensa. Duk wanda ke ƙarƙashin tsamiyar nan ya gane babban ɗansa yake nufi. Kuma ba wanda ya taɓa sani a garin, don ba su faɗa ba, ba a kuma tambaye su ba.

"Wanga yaro ya bar ɗiya biyu," in ji Ardo. "Suna cikin ajin da anka ce ma ɗiyan ɓarayi. Ta macen tad dawo tana tambaya ta ko gaskiya ne. Bawa, kai da ka yi boko, mi zan ce mata?"

Abin da na iya kawai, na juya wajen Nasiru na ce, "Malam, ni ɗan aike ne yau. In akwai abin da za ka faɗa min, ina ji."

Ya fara da ni ɗin. "Malam, ka hwaɗa ma Ardo, ranar nan ni ban ga yara ba. Yayana nike gani kwance cikin gero. Shi yab biya min makaranta, shi..." Sai ya miƙe, ya tuɓe takalmansa, ya taka har gaban tsohon ya durƙusa.

"Baba, ya haƙuri?"

Ardo ya kau da kai yana kallon gonaki. Da ƙyar aka ji ya ce, "Da godiya."

"Allah ya jiƙan shi."

"Amin. Kai ma ya naka haƙuri? Allah ya jiƙan yayanka."

Ni dai na cire tabarau na yi kamar ƙura ce ta shiga min ido, ba kuma ni kaɗai ba.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya warware. Da baki ya buɗe sai ga tsofaffin ƙorafe-ƙorafe. Wani manomi ya tashi ya ce shanun ruga sun tattake masa albasa, wani Bafulatani ya ce to ina za su bi tunda an nome burtali har bakin ruwa. Aka yi ta cacar baki, 'yar sandata tana yashe ba mai kula ta. Maganar burtali ba a gama ta ba, an dai ce za a sake zama. Amma mutanen da ɗazu suke cewa ba komi, yanzu suna nuna wa juna yatsa suna kuma tsayawa su ji amsa, ni kuwa wannan ya fi min shirun nan sau dubu.

Da za a tashi Malama Saratu ta yi ƙarfin hali ta ce, "Baba Ardo, yarana fa?"

Bai dube ta ba, ni ya duba. "Bawa, hwaɗa ma malamin, gaban yara yay yi maganar. Gaban yara za shi janye ta."

Nasiru ya ce ya yarda.

Ya kamata in kama hanyar Kano washegari, amma na ce ko mahaifiyata za ta cinye ni a waya sai na ga ƙarshen abin nan. Na kwana a gidan mai gari, aka wanke min shaddata.

Da safe muka tsaya a bakin aji ni da Malama Saratu, tana ta gyara mayafin da ba abin da ya same shi. An buga ƙararrawa, yaran gari sun shiga, ba kowa daga ruga. Har ta ce min wataƙila sai wani makon. Can sai muka hango su ta kan gaɓar ruwa, a jere ɗaya bayan ɗaya. Ba duka suka zo ba, wasu iyayen sun ce sai sun gani tukuna. Waɗanda suka zo suka tsaya cirko-cirko a bayan aji, suka ƙi zama.

Nasiru ya tsaya a gaban allo. Ya ce musu ranar nan zuciyarsa ce ta ƙone saboda an kashe yayansa, ya ɗauki zafin ya ɗora wa waɗanda ba su yi masa komai ba. Ya ce abin da ya faɗa ƙarya ne kuma zalunci ne, babba ma yana yin kuskure, yana roƙon su yafe masa. Yaran suka zuba masa ido, don ba su taɓa ganin malami ya ba ɗalibi haƙuri ba.

Sai wata 'yar siririya mai kitson doka ta ɗaga hannu daga baya. Malama Saratu ta raɗa min cewa ita ce Hajjo, jikar Ardo.

"Malam, to babanmu hwa?"

"Babanku ba ɓarawo ba ne, Hajjo. Ɓarayi sunka kashe shi, yadda sunka kashe yayana."

Ta tsaya tana kallonsa, ba ta yi murmushi ba, ba ta yi kuka ba. Sannan ta tako a hankali zuwa bencin gaba. Wata 'yar gari da ke zaune a wurin ta matsa mata ba tare da an ce ta matsa ba. Hajjo ta zauna, ta ɗora hannuwanta a kan benci, ta ɗaga kai.

"To, Malam, ina anka tsaya?"

Nasiru ya ɗauki alli ya juya wajen allo. Ya daɗe a tsaye ya ba mu baya kafin hannunsa ya iya rubutu.